Revolution ga magen da ke yawo a waje: abin da yake iyawa da inda ya tsaya

Kyanwar da ake kullewa a ɗaki daban take da wadda ke bin katanga, ta shiga rariya, ta kama ɓera a rumbu, dare ya yi ta kwanta a gefen akurkin kaji. A yawancin gidajenmu irin ta biyun ake da ita, domin saboda ɓeraye aka ajiye ta tun farko. Cututtukan da take kwasowa sanannu ne: ƙuma, tsutsar ciki, ƙwarin kunne, ƙazuwa, mura, ƙurjin cizo da makero. Maganin da ake kira Revolution ana sayar da shi ne a matsayin wanda ke magance da dama daga cikinsu da ɗigo ɗaya a wata. A ganinmu, cikin magungunan da ake ɗigawa a fata shi ne ya fi dacewa da magen yawo, amma wanda ya saye shi da tunanin ya gama da lafiyar kyanwarsa ya yi kuskure, don akwai manyan abubuwa da ba ya taɓawa ko kaɗan.

Kamfanin Zoetis ne ke yin sa, wanda a da reshen dabbobi ne na Pfizer kafin ya tsaya da ƙafarsa a 2013. An amince da maganin a Amurka tun 1999, a Turai kuma sunansa Stronghold, duk abu ɗaya ne. Sinadarin da ke cikinsa shi ne selamektin, dangin ibamektin ɗin da makiyaya suka sani. Idan aka ɗiga shi a fata yana ratsawa ya shiga jini, wani kuma ya taru a cikin ƙwayoyin maiƙon fata yana fitowa a hankali. Wannan ne ya sa yake kama ƙwaron da ke waje da tsutsar da ke cikin hanji a lokaci guda. Yana shanye jijiyoyin ƙwaron ne har ya mutu. A takardar da ke cikin kwali an lissafa ƙuma da ƙwanta, ƙwarin kunne, doguwar tsutsar hanji, tsutsa mai ƙugiya da ke shan jini, da rigakafin tsutsar zuciya wadda sauro ke ɗauka.

Awo shi ne farkon komai. Ana buƙatar aƙalla miligiram 6 ga kowane kilo na nauyin kyanwa, kuma bututun kala uku ne: mai miligiram 15 na wadda ba ta wuce kilo 2.5 ba, mai 45 na kilo 2.6 zuwa 7.5, sai mai 60 na kilo 7.6 zuwa 10. Kusan duk magen gida da ta girma tana cikin na tsakiyar ne, mai shuɗin murfi. Kada a auna da ido, gashi na ruɗi. Mutum ya hau sikeli da kyanwar a hannu, ya sake hawa shi kaɗai, ya cire wannan daga wancan. Ko kuma a sa ta a jaka a rataye a sikelin ƙugiya irin na masu sayar da kaji. Ɗan kyanwa sai ya cika mako 8 bisa takardar Amurka, ta Turai ta ce mako 6; idan ba a san ranar haihuwa ba, a bi na takwas ɗin. Mai ciki da mai shayarwa ana iya sa musu. Wadda ke kwance ba lafiya, ko ta rame ƙasusuwa a waje, a dakata sai likita ya gan ta.

Sa shi ba wuya, amma a nan aka fi ɓarnar da kuɗi. A riƙe bututun a tsaye, a danna murfin ƙasa har a ji ya yi ƙas, wannan ne ke huda bakin. A cire murfin a duba ko ya hudu. Sai a buɗa gashin ƙeya, daidai gindin wuya gaban kafaɗu, har fata ta bayyana fili. A ɗora bakin bututun a kan fatar, a matsa sau uku ko huɗu a wuri ɗaya har ya ƙare, a janye shi kafin a saki matsin don kada ya zuƙe maganin ya koma ciki. Ba a murzawa da yatsa. Ba a sawa a jiƙaƙƙen gashi, ba a sawa a kan rauni. Idan ruwan ya kwanta a saman gashi maimakon fata, rabinsa ya tafi a banza. Idan kuma aka sa shi can ƙasa tsakiyar baya, harshenta zai kai, ta lasa, sai a ga yawu na dalala da kumfa a baki. Ɗacin maganin ne ke jawo haka, yakan wuce da kansa, amma abin da ta lashe ya ragu daga abin da fatar za ta sha. Gidan da ke da maguna biyu ko uku masu lasar juna, a raba su har wurin ya bushe. Yara ma kada su taɓa ta sai bayan rabin awa ko fiye. Akwai sinadari mai kama wuta a cikin ruwan, don haka ba a bakin murhu ko risho ake wannan aiki ba.

Ga magen yawo akwai ƙarin dabara guda: a sa mata da yamma lokacin da ta zo cin abinci, a rufe ta a ɗaki ta kwana. Da damina wannan ya zama dole, domin sai bayan awa 24 ne jiƙewa ba ta rage ƙarfinsa. Wasu kan sami ɗan zubewar gashi a daidai wurin da aka ɗiga, ko gashin ya daskare ya yi fari-fari na kwana ɗaya ko biyu. Gashin yana dawowa.

A kan ƙuma aikinsa na da kyau. Cikin kwana ɗaya da rabi mafi yawan waɗanda ke jikinta sun mutu, kuma ƙwan da suka zuba ba ya ƙyanƙyashewa yadda ya kamata. Duk da haka koken da aka fi ji shi ne an sa magani amma ƙuma na nan. Dalilin ba a jikin kyanwar yake ba. Ƙumar da ido ke gani ɗan kaɗan ce daga cikin abin da ke gidan; sauran ƙwai ne da tsutsotsi da waɗanda ke cikin kwanso, a ƙarƙashin tabarma, cikin tsumman da take kwanciya, cikin tsagar daɓe da ƙasar inuwa mai danshi. Mace ɗaya na iya zuba ƙwai 40 zuwa 50 a rana, na cikin kwanson kuma na iya yin watanni suna jira. Saboda haka wata ɗaya ba ya isa. Sai an jera wata uku ba fashi, an sa wa duk kyanwa da karen da ke gidan nasu maganin, an wanke tsummokara da ruwan zafi an shanya a rana, an share lunguna an ƙone sharar. Mai shakkar ko kyanwarsa na da ƙuma ya taje gashin gindin wutsiya a kan farar takarda mai ɗan danshi. Baƙaƙen ɗigon da suka zubo idan suka narke suka yi ja, kashin ƙuma ne, jinin kyanwar ne a ciki.

Gidan da ake kiwon kaji yana da tasa matsalar. Akwai ƙaramar ƙumar kaji da ke kafa baki a fata ta zauna ba ta motsi, takan yi cincirindo a gefen kunnen kyanwa da kewayen ido. Ko an kashe na jikinta, muddin akurkin na nan yadda yake, gobe za ta kwaso wasu. A kwashe ƙasar akurkin a zuba sabuwa.

Inda maganin nan ya fi burge mu shi ne kunne. Kyanwa mai yawan girgiza kai, tana sosa bayan kunne har ta ji wa kanta ciwo, cikin kunnen cike da baƙin datti busasshe mai marmashi, galibi ƙwarin kunne ne. Tsohuwar hanya ita ce ɗiga magani cikin kunne kullum har makonni, wanda kuwa ya taɓa gwada kama muzurun waje sau biyu a jere ya san ba mai yiwuwa ba ne. Da Revolution ɗigo ɗaya ne a ƙeya, ba a cikin kunnen ba, a maimaita bayan wata. A goge dattin da ke bakin kunnen da auduga, kada a cusa tsinke ciki. Idan kunnen na wari, yana fitar da ruwa ko mugunya, ko kan ya karkace gefe guda, abin ya wuce ƙwari, na likita ne. Ƙazuwar kyanwa, wadda ke farawa daga gefen kunne ta bi fuska da wuya fata ta yi kauri da ɓawo, ba ta cikin jerin da ke takardar, amma likitocin dabbobi na amfani da selamektin a kanta kuma tana jin magani. Su ne za su faɗi tazarar da za a bari tsakanin sawa.

Babban giɓin yana wajen tsutsar ciki. Revolution yana kashe doguwar tsutsa da mai ƙugiya, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a gidan da yara ke wasa a yashin da kyanwa ke binne kashinta, domin dukansu biyun suna iya shafar mutum. Amma ba ya kashe tsila, farar tsutsar nan mai gaɓa-gaɓa, ita ce kuwa magen farauta ta fi kwasa. Hanya biyu take shiga: kyanwa ta haɗiye ƙuma garin lasar jiki, ko ta ci ɓera. Alamarta ƙananan farare kamar ƙwayar shinkafa a gindin wutsiya ko inda ta kwanta, wani lokaci ma suna motsi. Wannan sai maganin da ke da sinadarin firazikwantel. Wanda aka fi sani shi ne Drontal na kyanwa, ƙwaya ɗaya ga kilo 4, rabi ga kilo 2, ɗaya da rabi ga kilo 6. Ana bayarwa duk wata uku, mai yawan kama ɓera kuma likita na iya cewa a matso da shi. Ba a ba mai ciki, ba a ba wanda bai kai mako 6 ba, kuma na kare daban ne, kada a musanya. Ƙwayar na da ɗaci. Wasu maguna za su cinye ta a cikin ɗan kifin gwangwani idan da yunwa, wasu za su cinye kifin su bar ƙwayar a kwano tsaf. Irin waɗannan sai a naɗe su da tawul har wuya, a ɗaga kai sama, a danna haɓa ƙasa, a jefa ƙwayar can bayan harshe, a rufe baki ana shafa maƙogwaro har ta lashi hanci, alamar ta haɗiye ke nan.

Kaska ma Revolution ba ya kashe ta a jikin kyanwa. Inda ake da shanu, awaki ko karnuka a gida, ko kyanwar na shiga ciyawa da damina, wannan rashi ne na gaske. Kamfanin ya fito da Revolution Plus, wanda aka ƙara wa wani sinadari saboda kaska, sai dai ya fi tsada. Ɗaya zaɓin shi ne Frontline mai sinadarin fifuronil, wanda ke kashe ƙuma da kaska da kwarkwata. Shi a saman fata yake tsayawa, ba ya shiga jini, don haka ba ruwansa da tsutsar ciki. Abin da Frontline ya fi Revolution da shi shi ne na fesawarsa, wanda ake iya sa wa 'ya'yan kyanwa tun suna da kwana biyu, lokacin da ƙuma ke iya shanye musu jini har dasashi ya yi fari su mutu. Mai kiwon zomo ya kiyaye, fifuronil na kashe zomo. Idan kaskar ɗaya ce ko biyu, a kama ta da hantsaki dab da fata a ja a miƙe a hankali, ba a ɗiga mata kalanzir ba a ƙona ta da ashana.

Tsadar Revolution ita ce babban aibinsa. Daga waje ake shigo da shi, farashinsa na bin canjin dala, kuma ba kowane shagon maganin dabbobi ke ajiye shi ba, tunda cinikinsu na kaji ne da shanu. Ga kuma zafi. An rubuta a ajiye shi ƙasa da digiri 30, alhali a Sakkwato, Maiduguri ko Kano zafin bazara na haura 40. Kwalin da ya yi watanni a kanta a shago mai rufin kwano ba abin dogaro ba ne ko da kwanan watansa bai ƙare ba. A tambayi mai shago inda yake ajiye shi. A duba lambar rukuni da ranar ƙarewa, na jikin kwali su dace da na jikin ledar da aka like bututun a ciki, kada a karɓi bututu tsirara ba leda. A gida kuma a sa shi a ɗaki mafi sanyi, nesa da taga.

Wannan tsadar ce ke tura mutane ga abin da ke kusa, nan ne kuma ake asarar maguna da yawa. Hantar kyanwa ba ta iya narkar da wasu sinadarai da kare da saniya da mutum ke narkarwa ba wahala. Maganin ƙumar kare mai sinadarin fametirin, irin su Advantix, da na kaskar shanu da ake zubawa a gadon baya, guba ne gare ta. Cikin 'yan awoyi za a ga kunne da fata na karkarwa, tana tangaɗi, daga nan sai farfaɗiya. Ko kwanciya a jikin karen da aka sa wa yanzu-yanzu na iya jawo haka. Fiya-fiya da Sniper, waɗanda wasu ke surkawa da ruwa su yi wa dabba wanka, su ma kisa suke: yawu, gudawa, ƙwayar ido ta tsuke, numfashi ya gagara. Idan hakan ta faru a wanke jikin nan take da sabulun wanke-wanke da ruwa mai ɗan ɗumi, a tsane ta, a naɗe a tawul a nufi asibitin dabbobi da kwalbar abin da aka sa. Ɗura manja ko madara ba ya karya gubar, kuma dabbar da ke karkarwa tana iya shaƙe shi ya faɗa huhu.

Allurar ibamektin ta shanu ita ce ta fi jan hankali saboda arha, kuma gaskiya ne likitoci na amfani da ita a kan ƙazuwa da ƙwarin kunne. Matsalar lissafi ce. Kowace mililita tana ɗauke da miligiram 10. Kyanwa mai kilo 3, a kan awon miligiram 0.2 ga kilo, abin da take buƙata mililita 0.06 ne, wanda sirinjin shanu ba ya ma iya nunawa. Wanda ya ja rabin mililita yana ganin ya bayar da kaɗan ya ninka awon sau takwas. Sakamakon makanta ne, tangaɗi, suma, musamman ga ƙanana. Haka batun raba babban bututun Revolution na kare ga maguna da yawa: sinadarin ɗaya ne, amma na karen ya ninka na kyanwa ƙarfi, miligiram 120 a mililita maimakon 60. Aikin mai sirinjin insulin ne da ya san abin da yake yi.

Sauran cututtukan magen waje kuwa Revolution bai san da su ba. Mura, wadda ke yawaita cikin ƙanana da inda maguna suka taru, ƙwayoyin bairos ne ke kawo ta: atishawa, majina, ido ya like da kwantsa, wani lokaci gyambo a harshe. Kyanwar da hancinta ya toshe ba ta jin ƙanshi, wadda ba ta jin ƙanshi kuma ba ta ci. A goge ido da hanci da auduga da ruwan gishiri, ƙaramin cokali ɗaya a rabin lita na tafasasshen ruwa da ya huce, kowane ido da audugarsa. A ɗumama kifi a ba ta, a raba ta da sauran. Idan ta kai kwana biyu ba ta ci ba, ko tana numfashi da baki a buɗe, a kai ta. Kada a ba ta farasitamol ko da gutsure ne. Ƙwaya ɗaya ta miligiram 500 ta isa ta kashe babbar kyanwa, dasashi ya koma ruwan ƙasa, fuska da tafin ƙafa su kumbura.

Ƙurjin cizo na muzurai ne masu faɗan dare. Haƙorin kyanwa siriri ne, yana huda fata ya bar ƙwayoyin cuta a ciki, bakin ramin ya rufe. Bayan kwana biyu zuwa huɗu sai kumburi mai zafi ya taso a kumatu, wuya, ƙafa ko gindin wutsiya, da zazzaɓi da ƙin abinci. A gasa wurin da tsumma mai ɗumi, idan ya fashe a wanke da ruwan gishirin nan a hana bakin rufewa da wuri, amma a bar wa likita tsagawa da zaɓen maganin kashe ƙwayoyin cuta. Dettol da Izal ba na jikin kyanwa ba ne, za ta lashe su kuma suna cutar da ita. Muzurun da aka yi wa fiɗiya yana rage yawo da faɗa, ƙurjin ma sai ya ragu. Makero kuma, wanda ke cin gashi a zagaye ya bar ɓawo, naman gwari ne ba ƙwaro ba, yana kama yara, kuma maganinsa na sha ne da na wanka na tsawon makonni.

Ciwon hauka irin na kare da cutar amai da gudawa mai kashe 'ya'yan kyanwa, allurar rigakafi ce kawai ke tare su. Ta haɗin mura da gudawa ana farawa a mako 8 ko 9, a maimaita bayan mako uku zuwa huɗu. Ta hauka daga mako 12. Asibitocin koyarwa na dabbobi da ke Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da Jami'ar Maiduguri suna duba ƙananan dabbobi, haka asibitocin dabbobi na jihohi. A tambaya tun kafin a je ko allurar kyanwa na nan a ƙasa, kuma a tabbatar daga firji aka ɗauko ta.

Wanda kuɗinsa ba zai kai wata goma sha biyu ba, ya fi masa ya sayi kwali mai bututu uku ya jera su a farkon damina lokacin da ƙuma ke tashi, da ya riƙa sa ɗaya yau ɗaya bayan wata huɗu. Ya rubuta ranar a jikin kwalin. Ƙwayar maganin tsila kuma ya bayar da ita mako ɗaya ko biyu bayan ɗigon farko, sa'ad da ƙumar da ke sake kawo tsutsar ta riga ta mutu.